Amsoshin Tambayoyinku: Wane fim zan kalla a kan Karen da Richard Carpenter?

TAMBAYA: Baba, mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da wani kaset na Turawa da ba ya fita daga cikin motarsa. Duk lokacin da za mu je Funtuwa gaishe da kakarmu shi ne a kunne, muryar wata mata mai sanyi, har muka haddace sautin ba mu san ma'anar ba. Bayan rasuwarsa na tsinci kwalin kaset ɗin a akwatin takardunsa, an rubuta Carpenters a jiki. Da na bincika sai na ga ashe wa ne da ƙanwarsa, kuma wai ƙin cin abinci ne ya kashe matar duk da dukiyarta. Ina son in kalli fim na gaskiya a kansu, ba na 'yan wasa ba, amma abin da ke YouTube ya yi yawa, na rasa na kamawa. Wanne za ka ce in kalla? Daga 'yarka a Zariya.

AMSA: 'Yata, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa. Wasiƙarki ta tuna mini da zamanin da kowace mota ke da kaset ɗaya da ya zama kamar ɗan gida, wanda in zarensa ya harɗe sai a nemo biro a zura a rami a naɗe shi da haƙuri.

Kafin in lissafa miki sunayen finafinai, bari in ba ki mabuɗin da za ki riƙa auna su da shi, domin in kin riƙe shi ba sai kin sake tambayata ba. Duk wanda zai yi fim a kan mawaƙi yana bukatar waƙoƙin mawaƙin, waƙoƙin kuwa suna da masu su. A nan babban mai faɗa a ji shi ne Richard, yayan Karen, wanda aka haifa a 1946, yana nan da ransa, kuma tun rasuwar ƙanwarsa shi ke tsaron sunan Carpenters. Saboda haka finafinan da aka yi a kansu sun rabu gida biyu. Akwai waɗanda aka yi da yardarsa: su ne masu sauti mai kyau da tsofaffin hotuna na gida, amma in an zo maganar abin da ya faru a cikin gidan sai su sassauta murya. Akwai kuma waɗanda aka yi ba da shi ba: su bakinsu a sake yake, sai dai ba ki jin ta bakin mutum ɗaya tilo da ya tsaya kusa da ita a dandamali da situdiyo shekara goma sha huɗu. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma haka ne. Amma mai waƙa ba kowane baiti yake son rerawa a gaban jama'a ba.

Ki fara da na gidan farko. Sunansa Close to You: Remembering the Carpenters, an nuna shi a 1997 a tashar PBS ta Amurka. Shi ne zai ba ki labarin a jere: an haife su a New Haven, iyayensu suka kwashe su zuwa garin Downey kusa da Los Angeles a 1963 saboda a buɗe wa Richard hanya a harkar kiɗa, domin a lokacin shi ake kallo a matsayin mai baiwar gidan, gwanin fiyano tun yana yaro. A 1966 shi da Karen da wani abokinsu suka ci gasar makaɗa matasa a Hollywood Bowl, kuma a ranar Karen ganguna ta kaɗa. A watan Afrilun 1969 Herb Alpert, mai busa ƙaho wanda shi da Jerry Moss suka kafa kamfanin faifai na A&M, ya sa musu hannu. Faifansu na farko bai yi kasuwa ba. Alpert ne ya miƙa musu wata tsohuwar waƙar Burt Bacharach da Hal David da ta daɗe tana yawo ba ta samu mai ita ba, wato Close to You, wadda ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a 1970 ta zauna mako huɗu.

Abin da ya sa na ce ki fara da wannan shi ne, a nan ne za ki gane yadda aka ƙera sautin nan da kuka haddace a hanyar Funtuwa. Mutum zai rantse ƙungiyar 'yan amshi ce a bayan Karen, alhali su biyu ne rak. Richard yakan ɗauki muryarsa da tata, ya sake ɗauka ya ɗora a kai, ya sake ɗorawa, hawa kan hawa, har murya biyu su koma kamar ta mutum goma sha biyu. Dabarar ya koyo ta ne daga faya-fayan Les Paul da Mary Ford da ya saurara yana ƙarami. Shi ne kuma ya lura cewa daɗin muryar Karen yana ƙasa ne, can inda yawancin mata ba sa iya sauka, sai ya riƙa zaɓo mata waƙoƙi yana tsara su daidai wurin. Kunnensa kuwa ba ya barci. Wata rana yana kallon talabijin ya ji tallar wani banki mai suna Crocker, ya gane muryar Paul Williams ce, ya neme shi ya tambaya ko waƙar tana da ci gaba. Daga tallar banki aka samu We've Only Just Begun, wadda ta zama waƙar bikin aure a Amurka shekara da shekaru. Irin waɗannan labaran Richard ya fi kowa iya ba da su, kuma in yana bayani za ki ga mutum ne da ya san aikinsa ciki da bai. Masu cewa Karen ce komai, shi ɗan rakiya ne, ba su yi masa adalci ba.

Na biyu shi ne na BBC, Only Yesterday: The Carpenters Story, na 2007, kimanin awa ɗaya. Shi ma Richard yana ciki, amma tun da ba shi ya shirya ba, an ɗan fi matsawa kusa da inda ke ciwo. In lokacinki ko datarki ba za su ɗauki fiye da fim ɗaya ba, wannan nake ganin ya fi tsayawa a tsakiya.

To, ina ne ke ciwon? Wurare uku ne, kuma ina so ki sa ido a kansu a duk fim ɗin da kika kalla, ki ga wa ya tsaya, wa ya yi saurin wucewa.

Na farko ganguna. Karen makaɗiya ce kafin ta zama mawaƙiya, ita da bakinta ta sha faɗin haka. A makarantar sakandare ta Downey ta shiga ƙungiyar 'yan badujala, aka ba ta wani ɗan abin kiɗa na ƙarfe da ba ta so, ta matsa har ta koma kan ganguna. Mu a nan mace da ƙwarya a gabanta ba baƙon abu ba ne, wanda ya ga su Barmani Choge ya sani, amma ganga ta maza ce, kuma a Amurkar wancan lokaci ma haka abin yake. Da suka yi suna sai matsala ta taso: ba doguwa ba ce, in ta zauna a bayan tarin ganguna 'yan kallo ba sa ganin mai muryar da suka biya kuɗi don su gani. Aka yi ta lallashinta har ta yarda ta fito gaba ta riƙe makirufo, aka ɗauko wani ya zauna a kujerarta. A situdiyo ma yawancin manyan waƙoƙinsu na farko Hal Blaine ne ya kaɗa gangunan. Ta fuskar kasuwa shawarar ta yi daidai. Amma yarinyar da ta saba ɓuya a bayan ganguna an tsayar da ita a fili, fitila a kanta, dubban idanu a jikinta.

Na biyu faifanta na ita kaɗai. A farkon 1979 Richard ya shiga asibitin Menninger a jihar Kansas don ya rabu da ƙwayoyin barci da suka kama shi, ya kuma ce zai huta shekara guda. Karen ta tafi New York ta yi aiki da furodusa Phil Ramone, da makaɗan da ke yi wa Billy Joel kiɗa, ta zuba kuɗinta masu yawa, ta yi waƙoƙi na mace baliga, ba na 'yar gidan mutunci da aka saba ji ba. Da aka kunna wa shugabannin A&M da Richard a 1980, ba su yi na'am ba, aka ajiye faifan a kabad. Bai fito ba sai 1996, shekara goma sha uku bayan an binne ta. A nan ne ba'asi ya fi saɓawa. Ɓangaren Richard na cewa ita ce ta yanke shawarar ajiyewa, ƙawayenta na cewa abin ya karya mata zuciya. Duka biyun suna iya zama gaskiya a lokaci ɗaya, kin dai san yadda ake yanke shawara a gaban manya.

Na uku mahaifiyarsu, Agnes. Zan dawo kanta.

Yanzu gida na biyu. A 2023 aka fitar da Karen Carpenter: Starving for Perfection, wanda ya tsaya a kan binciken Randy Schmidt, marubucin littafin tarihinta Little Girl Blue na 2010. Richard ba ya ciki. Akwai ƙawayenta, har da Olivia Newton-John wadda aka ɗauki hirarta kafin ta rasu a 2022. Shi ne ya fi tsayawa a kan cutar, kuma shi zai amsa miki tambayar nan ta yadda mai dukiya za ta mutu da yunwa. Sunan cutar anorexia nervosa. Ba rashin abinci ba ne, ba kuma rashin jin yunwa ba ne. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya tsani ƙiba har ya riƙa ganin kansa da jiki alhali ƙasusuwansa sun fito, ya mai da hana kansa abinci abu ɗaya da yake jin yana da iko a kai. Karen ta fara rage ƙiba tun tana 'yar shekara goma sha bakwai bisa shawarar likita, ba wanda ya ga aibu. Zuwa 1975 ta koma kilo 41 ko kusa da haka, jikinta ya gaza bayan wasanni a Las Vegas, aka soke tafiyar da za su yi Turai da Jafan. A lokacin yawancin Amurkawa ba su taɓa jin sunan cutar ba. 'Yan gida suna ganin taurin kai ne kawai, in ta ci abinci shi ke nan.

Na san a wurinmu abin zai zo da mamaki, mu da muka taso ana yabon mace mai jiki, amarya ma sai an yi mata gyara ta ciko. Amma ki dubi 'yan matan da ke shan sha-ka-fashe suna lalata lafiyarsu don su yi ƙiba. Cutar ba ɗaya ba ce, sai dai madubin da ke yi musu ƙarya ɗan gida ɗaya ne.

Ragowar labarin gajere ne. Ta auri Tom Burris a ƙarshen watan Agustan 1980, auren bai yi ƙarko ba. A 1982 ta zauna New York tana ganin wani mai ba da shawara kan wannan cuta, Steven Levenkron, a watan Satumba aka kwantar da ita a asibitin Lenox Hill ana ba ta abinci ta jijiya. Ta ɗan ciko, ta koma Kalifoniya tana cewa ta warke. Ranar 4 ga Fabrairun 1983 da safe ta faɗi a gidan iyayenta a Downey, zuciyarta ta tsaya, tana da shekara 32. Binciken gawa ya danganta abin da illar cutar da kuma wani sinadari da ke cikin maganin sa amai, wanda ke cinye naman zuciya a hankali. Mutuwarta ce ta sa sunan anorexia ya shiga bakin talakan Amurka.

Akwai wata 'yar hira da za ki ci karo da ita, ta 1981, a shirin Nationwide na BBC. Mai gabatarwa Sue Lawley ta tambaye ta kai tsaye ko tana fama da wannan cuta. Karen ta musanta, ta ce gajiya ce, ta juya idanu tana ɗan murmushi, Richard na zaune a gefe ransa a ɓace. Ki rage sauti ki dubi wuyanta da kumatunta. Labarin zuciya a tambayi fuska. Minti kaɗan ne, amma ni a wurina sun fi wasu finafinan awa biyu faɗin gaskiya.

Kin ce ba kya son na 'yan wasa, amma dole in ambaci guda biyu, domin za su yi ta faɗo miki a bincike. Na ɗaya The Karen Carpenter Story, wanda tashar CBS ta nuna ranar 1 ga Janairun 1989, Cynthia Gibb ta fito a matsayin Karen, muryar waƙar kuwa ta Karen ce ta ainihi. Richard na cikin masu shirya shi, daga baya ya ce ya yi nadamar sa hannu. Ki kalle shi in kina so, amma ki ɗauke shi a matsayin wasan kwaikwayo, musamman ƙarshensa, inda aka sa uwa ta furta wa 'yarta kalmar ƙauna a daren ƙarshe.

Wannan ya kawo mu kan Agnes. Masu ba da labari daga waje sun nace a kan cewa ta fifita ɗanta namiji a fili, kuma ko a gaban mai ba da shawara a New York, da aka nemi ta gaya wa Karen tana ƙaunarta, ta kasa. Bature na jin wannan sai ya yanke hukunci: muguwar uwa. Ke da ni ya kamata mu ɗan ja birki. Mun taso a gidajen da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kuma ba wanda ya isa ya ce ba ta son sa. Rashin furtawa ba shi ne rashin so ba, mu shaida ne. Amma kada alkunyarmu ta rufe mana ido gaba ɗaya, domin a gidan Carpenter ɗan farin ne ake yabo a gaban kowa, ƙaramar ce ke jiran a ce ta yi ƙoƙari, ita da muryarta ke sayar da faifai miliyoyi. Agnes ta rasu a 1996, ba ta nan ta kare kanta. Masu ba da labarinta kuwa ko dai ɗanta ne, ko ƙawayen 'yarta, kowa da inda zuciyarsa ta karkata.

Ɗayan fim ɗin shi ne mafi ban mamaki a cikinsu duka: Superstar: The Karen Carpenter Story, na 1987, minti 43, wanda Todd Haynes ya yi yana ɗalibi, tun kafin ya zama babban darakta. Yawancinsa da 'yan tsana irin su Barbie ya yi shi. Yadda labarin ke tafiya haka yake feƙe fuskar 'yar tsanar Karen da hannayenta da wuƙa, tana ƙara ramewa a gaban idonki. Da jin bayanin za ki ɗauka izgili ne, amma da yawa cikin waɗanda suka kalla sun tashi jiki a sanyaye. Haynes bai nemi izinin waƙoƙin ba, Richard ya ƙalubalance shi a kan haka, aka hana nuna fim ɗin. Tun daga nan yake yawo a ɓoye, daga kaset zuwa kaset, yanzu kuma a intanet, hotonsa dishi-dishi saboda yawan kwafa. Ba tarihi ba ne, fassarar mutum ɗaya ce, kuma ya yi wa Richard da iyayen fenti baƙi fiye da kima. Shi ne dai babban misalin mabuɗin da na ba ki: wanda ya fi kowa sakin baki, shi aka rufe wa baki da haƙƙin mallakar waƙa.

Tarkacen da kika ce ya cika YouTube kuwa, ga alamarsu: kanun labari mai kururuwa cewa an tona asiri, hoton Karen a rame an zagaye da jan layi, murya ɗaya ta na'ura tana karatu a kan hotuna marasa motsi. Ba su yi hira da kowa ba, littafin Schmidt suke tsakura suna ƙara gishiri. Duk fim ɗin da ba ki ga fuskar mai magana da sunansa a rubuce ba, ki wuce, kada ki ƙona datarki.

Da ni ne ke, ga yadda zan yi. In kalli na 1997 don in san kiɗan, in bi da na BBC, sannan na 2023 a ranar da zuciyata ke da ƙarfi. Amma ba zan rufe da ciwo ba, domin duk finafinan nan, har masu kyawun, suna da halin mai da Karen majinyaciya tun daga haihuwa, kamar ba ta taɓa yin dariya ba. Ki nemo wasan da suka yi wa BBC a 1971, inda take zaune a bayan gangunanta tana kaɗawa tana rerawa a lokaci ɗaya, numfashinta bai ko girgiza ba. Sannan ki nemo shirinsu na musamman na talabijin na Disambar 1976, wurin da aka jera mata ganguna kala-kala a dandamali. Za ki gan ta tana gudu daga wannan zuwa wancan da sanduna a hannu, tana watsa kiɗa kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, bakinta har kunne. A lokacin cutar ta riga ta kama ta, ramar tana nan ga mai lura, amma hannuwan ba su sani ba. Wannan ki kira mahaifiyarku ku kalla tare, in Allah ya sa tana raye, ki tambaye ta ko marigayi ya taɓa sanin cewa matar da ke cikin kaset ɗinsa makaɗiyar ganga ce. Ki gaishe mini da ita.